Ranar da Hancin Teck Moh Ya Buɗe

Mijin yayata, Heng Teck Moh, ya haura shekara sittin a duniya bai san wari ba, bai san ƙamshi ba. Uwarsa ta ce wata mura ce ta shige shi yana yaro, ta rufe ƙofa ta ƙi fita. Tun daga nan da baki yake numfashi, muryarsa kamar daga cikin tulu take fitowa, idan ya ce "mama" sai ka ji "baba". Hancin yana nan a fuskarsa, ƙato ma kuwa, amma ba ya aikin komai sai riƙe tabarau.

Mu kuwa gidanmu a Kuala Kurau gidan belacan ne tun zamanin kakanmu. Ƙananan jatan lande ake kamowa, a cuɗe su da gishiri, a bar su su ruɓe, a daka, a shanya, a sake dakawa, har su zama daddawar da miya ba ta yin daɗi sai da ita. Kowa yana son belacan a tukunyarsa, babu mai son ta a maƙwabtaka. Warin yana shiga gashi, ya shiga farce, ya kama katakon gida. Ni dai na tsere da wuri, na koyi ɗinki, na koma can ƙarshen layi inda iska ke bi ta wani wajen. Yayata Siew Gek ita ta gaji sana'ar, domin hannunta ya fi na kowa a gidan.

Gek kyakkyawa ce, har yanzu ma. Masu neman aure sun zo, zaman ne dai ba su iya ba. Akwai wani malamin makaranta daga Parit Buntar da ya zo da gwangwanin biskit, ya kurɓi shayi sau ɗaya, ya ce bari ya je ya duba kekensa. Da ƙafa ya koma gida, keken muka yi ta hawa har ya tsufa. Mutane suka mai da abin dariya, Gek ma ta yi dariyar tare da su, amma ni da muke ɗaki ɗaya na san ya yi mata ciwo ƙwarai.

Sai ga tsohuwa Phua mai dalilin aure ta shigo wata rana, ƙyalle a hanci, ta ce wa mahaifiyarmu, "Na samo muku. Ba shi da kuɗi, ba shi da tsawo, kyau kuwa kada ku tambaye ni. Amma ba shi da hanci."

Mahaifiyarmu ta ce, "Ya zo gobe."

Ya zo a ranar daka, ranar da ko kuliyoyin gidan sukan ƙaura. Ya zauna a tsakiyar turame, ya ci shinkafa faranti biyu, ya dubi Gek ya ce iskar gidan nan akwai daɗi. Kafin shekara ta fita aka yi biki. Zaman nasu kuwa ban ga irinsa ba a layinmu. Shi yana gyaran injin kwale-kwale, ita tana daka, suka haifi 'ya ɗaya, Hui Leng, suka yi mata karatu har ta samu aiki a Penang.

Teck Moh mutum ne mai jin kansa, a hankali, ba da hayaniya ba. Yakan ce mini, "Choo, a garin nan ana ganin girmana. In na shiga shagon kofi, teburi guda ake bar mini ni kaɗai. Wanzami kuwa ba ya barin in bi layi, nan da nan yake sallamata." Ni kuma sai in ce haka ne, Yaya Moh, ka cancanta. Me zan ce masa?

Abin ya taso ne da tsufa ya fara zuwa. Toshewar ta daina zama shiru, ta koma ciwon kai, kumatunsa da goshinsa suka riƙa nauyi, in ya sunkuya kan inji sai ya dafe kai ya zauna. Hui Leng ta zo hutu ta gan shi haka, ta ce ba ta yarda ba, za ta kai shi wurin wata mai magani a Taiping, Sinse Quek, wadda ta warkar da surukar shugabarta a wurin aiki. Na bi su, don ni ma gwiwata tana son man shafawa.

Sinse Quek mace ce siririya da ba ta da lokacin dariya. Muna shiga shagon ta tashi ta buɗe taga. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ta sa ya fito da harshe, ta danna kumatunsa har ya yi ƙara.

Ta ce, "Yaushe ya fara?"

Ya ce, "Kafin a haife ki."

"Kuma sai yau ka ga damar zuwa?"

"Ai bai hana ni cin abinci ba."

Ta ce iska da danshi sun yi gida a kansa har sun yi jikoki. Ta juya ga durowoyinta na katako da suka cika bango, tana jawowa tana aunawa a ɗan ma'aunin tagulla. Tohon wani fure mai gashi-gashi, ta ce a ƙulle shi a ƙyalle kafin a dafa, kada gashin ya kama maƙogwaro. Gasassun 'ya'yan ƙaya masu kama da ƙarangiya, ta ce kada a ƙara ko ɗaya a kan abin da ta auna, domin dafi ne in sun yi yawa. Sai farar saiwa, sai na'ana'a da za a jefa daf da saukewa.

"Ruwa kwano uku a tukunyar ƙasa, a dafa har ya koma kwano ɗaya. Ban da ƙanƙara, ban da kaguwa, ban da jatan lande." Ta ɗan dube mu. "Cin sa nake nufi. Sauran ya fi ƙarfina."

Da yamma Gek ta zo gidana, abin da ba ta cika yi ba a lokacin shanya. Ta ce in rufe ƙofa. Ta zauna a kan tarin yadin mutane, na dube ta, na san gobe sai na wanke su duka.

Ta ce, "Choo, maganin nan yana aiki?"

Na ce, "An ce yana yi, Yaya."

"To na shiga uku."

"Haba Yaya. Mutumin da kuka tsufa tare?"

"Ya tsufa da ni ne bai san ni ba. Mutum ne fa mai son tsabta, kin ga yadda yake goge injinsa. Ranar da hancin nan ya buɗe, zai ce zai je duba keke."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Nan na gane da gaske take. Matar da ke ɗaga buhun gishiri ita kaɗai, ga ta zaune tana murɗa bakin rigarta don tsoron wani toho mai gashi. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka biyun lokaci guda. Na ce mata to ta ƙi dafawa mana.

"In ƙi dafawa yana ciwon kai? Ke wace irin mutum ce? Ciwon kan nake so ya tafi, hancin ya tsaya inda yake."

"To ki koma wurin Sinse ki ce ta ba ki rabin warkewa."

"Bar ni da shi," in ji ta. "Ƙayoyin nan dai ba zan taɓa su ba. Ba kashe shi nake so in yi ba, so nake ya zauna yadda na same shi."

Dabarar farko ta kwano ce. Sinse ta ce kwano uku, amma ba ta ce wane kwano ba. Gek ta ɗauko kwanon da ake wanke jatan lande a ciki, wanda jariri zai iya wanka a cikinsa, ta auna uku, ta dafa a tukunyar biki har ya koma ɗaya. Maganin ya fito tsararo kamar ruwan wankin shayi. Teck Moh ya dubi kwanon, ya dubi matarsa, ya ce in dai Sinse ce ta ce, ya kafa kai. Wuni ya yi yana sha, wuni ya yi yana sintirin bayan gida. Masu kwale-kwalen da suka kawo gyara suka gaji da jira suka tafi. Da Hui Leng ta kira ta waya ta ji labari, sai ga ta a ƙarshen mako da kwanon cin shinkafa sabo, ta ce wannan ne kwano, duk wani abu kuma baho ne.

Sai Gek ta koma kan diddigar magani. Kowa ya san abin da ya rage a tukunya bayan an tace ba a zuba shi a shara, ba a zuba shi a kogi. A kan hanya ake zubawa, masu wucewa su taka, kowa ya tafi da ɗan ciwon a tafin ƙafarsa har ya ɓace a gari. Haka iyayenmu suka yi, haka muke yi, ko Hui Leng mai digiri ba ta musa wannan ba. Gek kuwa ta zauna ta yi lissafinta: in mai takawa shi ke ɗaukar ciwo, to mai ciwon ya taka kayansa ya koma da su ciki. Maimakon ta kai diddigar bakin titi, sai ta zube ta a bakin ƙofarsu, daidai inda Teck Moh ke sa ƙafa in zai fita.

Shi ma ai ɗan gari ne, ya san al'ada. Ya fito da safe, ya ga baƙar diddiga a kan katako, ya tsaya.

"Ah Gek, gwiwa ce ta hana ki kai shi titi? Bar shi, kada ki wahalar da kanki. Zan riƙa tsallakewa."

Ya tsallake ya tafi aikinsa. Gek ta ce mini maganar nan ta fi mari zafi, amma hakan bai hana ta faɗaɗa zubin ba washegari. Ya ƙara tsawon tsallen. Ta ƙara faɗi. Ta daina share ta jiya, ta riƙa haɗawa da ta yau. Layinmu na katako ne, gidajen a kan turaku bisa laka, babu ta inda za a kewaya. Ba a daɗe ba sai da ya zama Teck Moh yana komawa har kicin ya ɗauko gudu, tabarau a hannu, baki a buɗe, ya yi sama ya dira a can gefe. Maƙwabta suka fara fito da kofinsu waje don kallo. Wani tsoho ma ya ce maganin Sinse Quek bai sani ba ko yana buɗe hanci, amma yana mai da ƙuruciya.

Matsalar ita ce ba shi kaɗai ke bin ƙofar ba. Boon Kiat mai kawo gas ya shigo da tukunya a kafaɗa, bai ga ƙasa ba, ya taka tsamo-tsamo. Damina ce, rabin gari na mura, amma da ya tashi da atishawa washegari bai ga laifin ruwan sama ba. Ya tsaya daga nesa yana magana ta hanci.

"Inna Gek, in za ki raba ciwon mijinki, ki raba a titi kowa ya samu kaɗan. Ni kaɗai kika ɗora wa duka."

Daga nan matar mai kula da ɗakin ibada ta taka, ita ma ta kwanta. Masu sayen belacan suka daina ƙarasowa, sai su tsaya a bakin layi su ɗaga yatsu, Gek ta miƙa musu da sandar gora. Waɗanda dole sai sun shiga kuwa suka koyi tsalle. Na ga mata masu jikoki sun tattare wando suna ɗaukar gudu a ƙofar yayata, ni ma na yi, gwiwata ta ba ni labari.

Na ce mata, "Yaya, kin mai da layin nan filin wasan makaranta. Ki bari haka."

Ta ce, "Jiya ya ce mini ya ji wani abu yana fito a hancinsa na hagu."

"Fito?"

"Fito. Kamar buta. Yana ta murna, ya ce in kawo kunne in ji." Idonta ya ciko. "Kuma kansa ya daina ciwo, Choo. Ya yi kwana nawa bai dafe goshi ba. Na rasa in yi murna ne ko in yi kuka."

Abin da ta yi dai shi ne ta zuba masa diddigar a cikin silifas. Ya zura ƙafa, ƙayoyin nan dafaffu suka gaishe shi. Ya zazzage, ya zagi kuliya, ya buga ƙusa a bango ya riƙa rataye takalminsa. Gek ta hau kujera ta zuba a can. Ya ce bai taɓa ganin kuliya mai naci irin wannan ba, ya koma ajiye takalmin a shagon gyara, yana tsallen da ƙafa ba takalmi.

Zuwansu na biyu Taiping, Sinse Quek ta danna kumatun bai yi ƙara ba. Ta ce saura ƙiris. Ta ba shi garin wani haki a 'yar kwalba, wanda ake kira ciyawar da dinya ba ta ci, ta ce ya shaƙi ɗan kaɗan, kuma ya yi a waje, kada ya yi a gaban abinci.

Ranar da ya zaɓa kuwa ita ce ranar babbar shanya. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito tarwai, Gek ta baza belacan a kan dukan tabarmin gora, daga bayan gida har bakin kogi. Hui Leng ta zo, ni ma ina nan. Teck Moh ya zauna a baranda, ya ɗibi garin da ɗan yatsa ya kai hanci. Muka jira. Fuskarsa ta tattare, idonsa ya rufe, ya yi baya kamar zai faɗi, sannan ya saki atishawar da ta tashi tsuntsaye daga rufin maƙwabta. Ya sake yi, ya sake yi, tabarau ya yi nasa wajen. Abin da ya fito ba zan faɗa ba, ƙyallen dai ba mu sake amfani da shi ba.

Sannan ya rufe baki. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan baki a rufe ba, sai ya yi mini kama da wani baƙo. Ya ja iska ta hanci, a hankali, ƙirjinsa ya ɗaga. Idonsa ya buɗe.

Ya ce, "Me ya mutu?"

Muryar ma ba tasa ba ce, tas take fita. Hui Leng ta dubi ƙasa, ni na dubi kogi, Gek ta tsaya a tsakiyar shanya da muciya a hannu ba ta ko motsi.

"Ku ba ku ji ba ne? Wani abu ya mutu a gidan nan, kuma ba yau ba."

Ya ɗauki sanda ya sauka ƙarƙashin gida, cikin laka, yana neman mushe. Ya leƙa bayan turaku, ya juya tsofaffin raga, ya kira kuliya ya ga tana raye, har da alamar hakan bai yi masa daɗi ba. Ya je ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu ya tambaye shi ko kare ya shige masa ƙarƙashin ɗaki. Maƙwabcin, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana rufe taga saboda gidan nan, ya dube shi ya daɗe, ya ce a'a, bai ji komai ba.

Hancin ne dai ya kawo shi da kansa. Sabo ne, yana aiki da zafinsa. Ya biyo shi har bakin tabarmar farko, ya sunkuya, ya yi baya da sauri. Ya ɗago ya dubi tabarmin da suka miƙe har kogi. Ya matsa kusa da Gek, ya shinshina, ya haɗiye yawu. Daga nan ya kama wuyan rigarsa ya kai hanci, ya shinshina hannunsa, ya shinshina hularsa.

"Ni ma?"

Na ce, "Kai ma, Yaya Moh."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ci faranti biyu."

Ya zauna a kan turmi. "Ashe teburin shagon kofi ba girma ba ne."

"Da ɗan girma a ciki," in ji Hui Leng.

"Wanzami fa?"

Ya juya ga matarsa.

"Ah Gek, mai zuba mini ƙaya a takalmi ba kuliya ba ce ko?"

Ta ce, "Ni ce."

"Don kada in ji wannan."

"Don kada ka ji ni."

Na so ya ce wani abu a nan, ko da wasa ne, ko da faɗa ne. Bai ce ba, don a daidai lokacin iska ta juyo daga kogi, ya tashi da gudu ya kama dogarin baranda ya mayar da karin kumallonsa. Abincin rana ma ya kasa ci. Ya zauna can bakin layi da ƙyalle a fuska, inda masu saye ke tsayawa. Hui Leng ta ce bari ta tafi da shi Penang ya sha iska, hancin ya saba da duniya tukuna. Ya shiga motarta bai yi gardama ba. Gek ta haɗa masa kaya a jaka, ta tsaya ta shinshina jakar, ta zazzage kayan ta ce Hui Leng ta saya masa sababbi.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Gek ta kwashe shanya tun ba ta bushe ba, ta rufe randuna. Ta yi wanka da lemun tsami, ta yi da ganyen babban lemo wanda muke wanke rashin sa'a da shi, ta yi da sabulun wankin kwanuka. Ta sayo turare a Parit Buntar ta fesa har kuliya ta yi atishawa. Sai ta zo ta tsaya a gabana ta miƙo hannu.

"Sansana ni, Choo."

"Lemun tsami."

"Sai me?"

"Sai fure."

"Sai me?"

"Sai belacan mai lemun tsami da fure, Yaya. Ƙarya kike so in yi miki?"

Ta ce za ta sayar da turamen da tabarmin, ta koyi ɗinki a wurina. Na ce da wannan hannun nata mai kama da tabarya allura ma sai ta gudu. Na yi mata faɗa sosai, na ce sana'ar kakanmu ce, ita ta yi wa 'yarta karatu, ita ta saya wa mijin nata tabaran da hancin ke riƙewa. Ta ce duk ta sani. In waya ta yi ƙara sai ta ƙi ɗauka, don kada ta ji abin da take tsoro. Hui Leng takan kira ni ta ce Baba lafiya lau, yana yawo yana shinshina burodi da sabulu da gashin yaran mutane a lif ɗin hawa bene, har an fara kallonsa. Na ɓoye wa Gek wannan, domin ya yi kama da mutumin da ya samu wurin zama.

Jatan lande dai ba sa jiran zuciyar kowa. Randunan suka kai, ko a daka ko a yi asara. Gek ta buɗe su, ta zauna a kan benci gaban turmi, tana daka ba ƙarfi. Na zo taya ta, ƙyalle a hanci, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Rana ta take sai muka ji takun mutum a kan katako. Teck Moh ne, shi kaɗai, cikin sabuwar riga fara, bakinsa a rufe. Ya tsaya a bakin shanya, idonsa ya fara ruwa tun daga can.

Gek ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kayanka ka zo ɗauka? Na wanke su, amma ba su fita ba."

Ya ce, "Hui Leng ba ta san na taho ba. Bas na hau."

"To."

"Na ji abubuwa da yawa a can, Ah Gek. Ashe kofi yana da ƙamshi. Ashe ruwan sama ma yana da shi. Jikar maƙwabciyarsu ƙamshin madara take. Duk na ji, duk da daɗi, amma kamar ina gaisawa da baƙi ne."

Ta ci gaba da daka.

"Jiya da rana wata mata a ƙasan benensu ta gasa belacan. Hui Leng ta tashi za ta rufe taga. Ni kuwa na miƙe na ce mata ga mamarki ta zo. Har na je na buɗe ƙofa. Babu kowa sai takalman mutane. Na tsaya a wurin kamar wawa, na kasa rufewa."

Tabaryar ta tsaya. Ni da nake gefe sai na juya na shiga gyara ƙyallen hancina.

Gek ta ce, "Wato dai ina wari."

"Kina wari ƙwarai, Ah Gek. Ban taɓa zaton akwai irinsa a duniya ba, dubi idona. Matsa in zauna."

Ta matsa. Ya zauna a jikinta da farar rigarsa, idonsa yana zuba, nata ma yana zuba. Ya ja numfashi ta hanci, ya yi tari har sai da ta bubbuga masa baya, sannan ya sake ja.